Tsofaffin Injinan Aiki: Mu Saya Tare, Mu Saya da Sani



Duk wanda ya taɓa zama a inuwar dogon yaro lokacin da yara suka fita tara, a kowace firamare daga Kebbe zuwa Kuchi, daga Girkau zuwa Margai, ya san inda hirarmu take karkata. Ana farawa da rajista ko jarrabawa, a ƙare a kan albashi da abin da za a haɗa da shi wata ya kai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na mudu suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa ya tarar kasuwa ta riga ta yi masa nisa. Shi ya sa da wuya ka sami malami a cikinmu wanda ba shi da sana'a ta biyu. Wani yana noman rani a fadama, wani kafinta ne bayan la'asar, wani ya buɗe wa ɗansa rumfar walda, malama kuma tana da keken ɗinki ko injin markaɗe a zaure. Babu abin kunya a ciki. Neman halal ne.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo cikin wannan nema, wato injinan aiki masu amfani da lantarki waɗanda aka riga aka yi aiki da su a wasu ƙasashe: injin huda, da giranda ta yankan ƙarfe, da zarton lantarki, da injin kankare katako. Su ne ake ce wa kayan gwanjo, ko na hannu, ko 'yan Beljiyam, sunan da ya samo asali daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motoci da kaya zuwa Afirka ta Yamma. Suna sauka a Legas ko Kwatano, su bi ta manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, daga nan su iso Sakkwato da Jega, wani lokaci har a shimfiɗa su a kan buhu a kasuwar ƙauye.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne: sayen tsohon inji dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, amma yadda muke sayensa yanzu, kowa shi kaɗai, cikin gaggawa, ba tare da sani ba, caca ce da kuɗin abincin iyali da kuma lafiyar 'ya'yanmu. Lokaci ya yi da reshenmu zai ɗauki wannan magana a matsayin tasa.

Abin da ya sa muka ce caca ce, mun gani da idonmu. Wani abokin aikinmu ya kwashi adashensa na wata goma ya sayo injin huda mai suna, mai nauyi, wanda ko ɗaukarsa ka yi ka san ƙarfe ne na gaske. Filoginsa rawaya ne mai ƙafa uku zagayayyu, ba ya shiga soket ɗinmu, sai mai kayan ya ce ai yankewa ake yi a sa namu. Aka yanke, aka sa. Ranar da ya jona shi a janareta, injin ya yi wata irin ƙara, ya yi gudu kamar zai tashi sama, sai hayaƙi. Ashe irin wanda magina ke aiki da shi ne a Ingila, inda ake amfani da bolt 110 a wuraren gini domin rage haɗarin jan wuta, kuma rawayan filogin nan shi ne alamarsa. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. An rubuta 110V ɓaro-ɓaro a jikin injin, malamin da ke koya wa yara karatu bai tsaya ya karanta ba. Mai kayan kuwa ya bi wata kasuwa. Ba mu kawo labarin nan don dariya ba, domin da yawanmu da mun yi abin da ya yi.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa a guji kayan gwanjo gaba ɗaya a jira sabo. Wane sabo? Sabon inji na ainihi daga kamfanoni irin su Bosch ko Makita ko DeWalt ya fi ƙarfin albashin malamin firamare, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Abin da aljihunmu zai iya kaiwa a cikin kwali shi ne mai ƙyalli mara ƙwari, wani lokaci ma jabu ne da aka kwaikwayi sunan babban kamfani aka sauya harafi ɗaya. Irin wannan yakan yi wata biyu ko uku ya kwanta, in ka kai wa mai gyara ya buɗe ya ce babu abin da za a gyara. Araha ba ta ado. Tsohon inji na ainihi kuwa an ƙera shi ne don a riƙa kwance shi ana gyarawa. Da noti aka ɗaure shi, wayar kwayil ɗinsa tagulla ce, boris ɗinsa ana samun irinsa a wurin masu kayan babur da na injin ban ruwa. Kamfanin Makita kansa ya fara ne a 1915 a birnin Nagoya na Japan a matsayin shagon sayar da injinan lantarki da gyaransu, kafin ya shiga ƙera kayan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma mai hankali yakan ɗanɗana kafin ya biya, don ya tabbata zumar ce.

Ɗanɗanawar kuwa ba ta fi ƙarfin kowane malami ba. Abu na farko, a karanta ɗan allon da ke manne a jikin injin. In an rubuta 220V ko 230V ko 240V, namu ne. In 110V ne ko 120V, na wuraren ginin Ingila ne ko na Amurka. In 100V ne, na Japan ne. Waɗannan ba sa aiki a wurinmu sai da taransifomar da ke rage ƙarfin wuta, kuma dole ta zama mai ɗaukar nauyin injin, ka ga kuɗinta ya hau kan kuɗin saye. Manyan injina na girke, irin su zarton tebur da injin iska, suna da ƙarin sharaɗi. Wanda aka yi wa wutar Amurka mai 60Hz zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a wutarmu mai 50Hz, yana kuma iya ɗaukar zafi. Wasu ma sai da layin wuta uku suke tashi, abin da babu shi a gidajenmu.

Abu na biyu, a dubi lambar da ke gaban harafin W, ita ce yawan wutar da injin ke ci. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce a yankinmu, don haka janareta ne zai ɗauki nauyin. Ƙaramin janaretan nan da muke kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba, alhali babbar giranda tana cin wajen wat 2,000, kuma a lokacin tashi inji yakan ja fiye da abin da aka rubuta. Wanda ya haɗa su biyun zai iya rasa su biyun.

Abu na uku, ba a cinikin biri a sama. Kada a biya sai an kunna. A saurara: boris mai lafiya ba ya gurnani. A leƙa ta ramukan shan iska: ɗan tartsatsi kaɗan a wurin da kabon ke gogar tagulla ba laifi ba ne, amma in wuta ta zagaye wurin kamar zobe, kwayil ya fara lalacewa. A shinshina, domin warin ƙonewa ba ya ɓuya. A girgiza bakin injin da hannu bayan an cire shi daga wuta, in yana rawa akwai gyara a gaba. Kabon da ya cinye abu ne mai sauƙi, kuɗinsa kaɗan ne. Naɗin sabon kwayil kuwa yana iya kusantar kuɗin da aka sayi injin. Mai amfani da batir kuma, a sani cewa batirin shi ne rabin kuɗinsa, kuma shi ne ke fara mutuwa. Sai dai injin huda mai bolt 12 da batirinsa ya mutu, mai gyara yana iya ja masa waya zuwa batirin mota ko na sola, ya ci gaba da aiki.

Abu na huɗu, a tambayi asalin kayan, a karɓi rasit mai sunan mai shago. Ba duk abin da aka shimfiɗa a kasuwa ne ya tsallako teku ba. Wani daga shagon wani bawan Allah aka ɗauke shi da dare, wani daga ma'ajiyar wata makaranta ko asibiti. Mu da muke kuka idan aka kwance famfon rijiyar burtsatse ko aka cire ƙyauren aji, bai kamata mu zama kasuwar ɓarawo ba. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, haram ne a shari'a. Haka nan duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Amma wa za ka mayar wa, in ba ka san sunan wanda ya sayar maka ba, ba ka san shagonsa ba?

Asarar kuɗi ana mayar da ita. Akwai asarar da ba a mayarwa, kuma ita ce ta fi tayar mana da hankali. Yawancin injinan nan ba mu ke riƙe su ba, domin da safe muna aji. 'Ya'yanmu da ƙannenmu ne ke rumfa. Tsohuwar giranda sau da yawa takan iso ba murfin da ke kare faifanta, ko kuma yaran su cire shi da kansu don su sa faifan da ya fi girma. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, babba mai milimita 230 kuwa wajen sau 6,500. An rubuta iyakar gudun kowane faifai a jikinsa. Idan aka ɗora babban faifai a kan ƙaramin inji, an tilasta masa gudun da ba a yi shi dominsa ba, in ya tarwatse kuwa ɓaraguzansa ba su da bambanci da harsashi. Mun je dubiyar ɗan wani malami, yaro mai shekara goma sha shida, wanda aka ɗinke masa kunci daga gefen baki zuwa kusa da kunne. Allah ya tsare idon, da tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Mahaifinsa ya ce mana bai taɓa sanin injin yana da murfi ba, domin haka ya saye shi.

Akwai kuma haɗarin jan wuta. Tsofaffin injina masu gangar jiki ta ƙarfe suna buƙatar waya ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle a ciki. Gidajenmu da rumfunanmu da yawa ba su da wannan waya, ga al'adar cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Injin da ke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babban murabba'i an yi masa rufi biyu, shi ya fi dacewa da yanayinmu. Mai jikin ƙarfe kuwa kada a taɓa shi sai mai aikin lantarki ya duba shi ya sauya masa waya, kada kuma a yi aiki da shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ba takalmi. Tabarau na kariya kuɗinsa bai kai na awon shinkafa ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa hakin na ƙarfe ne.

Saboda waɗannan dalilai muke ba reshenmu shawara ya kafa rumbun kayan aiki na haɗin gwiwa. Waɗanda suka ga dama su zuba kuɗi kamar yadda muke zuba adashe. A naɗa mutum uku amintattu, cikinsu har da malama, su tafi kasuwa tare da ƙwararren mai gyaran lantarki wanda za a biya ladansa. A fara da kaɗan: injin huda biyu, ƙaramar giranda mai murfinta, injin kankare katako, da janaretan da zai iya ɗaukarsu, tare da tabarau da safar hannu. A ajiye su wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya, da littafin da za a rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da shi da halin da ya dawo. Mai ɗauka ya biya ɗan kuɗin haya, a tara shi domin kabon da boris da faifai. Kada a ba kowa inji, malami ne ko ɗan malami, sai ya zauna an koya masa. Wanda kuma ya fi son ya sayi nasa na kansa, kwamitin ya raka shi ya duba masa. Injin huda a gidan mutum ɗaya yakan yi aikin kwana biyu a wata, sauran kwanakin yana kwance yana shan ƙura. A hannun mutum ashirin kuwa zai biya kuɗinsa.

Amfanin ba zai tsaya a aljihunmu ba. Kowace makaranta tana da aji ko lungun da aka jibge karyayyun bencina, wani ƙafa ɗaya ce ta fita, wani noti biyu kawai yake nema, yara kuwa suna zaune a ƙasa suna rubutu a kan gwiwa. Da injin huda da kafinta ɗaya, hutun zango guda ya isa a tayar da da yawa daga cikinsu, idan kwamitin kula da makaranta ya sayi noti da katako.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce kayan tarayya ba su da mai su, kowa zai mora, babu mai gyarawa. Tarihi ma yana bayansu. Da aka shigo da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarun 1980, gwamnatin tarayya ta sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa ƙananan makarantun sakandare. Da yawansu sun shekara da shekaru a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a girka su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu, har tsatsa da ɓarayi suka raba su. Wasunmu sun zauna a kan irin waɗannan akwatuna suna ɗalibai. Darasin da muka ɗauka shi ne an kawo kaya kafin a tanadi mai kula da su. Mu sai mu fara da mutum da littafi da ƙa'ida, sannan mu sayi inji. Kuma kuɗin nan daga aljihunmu zai fito, wanda ya zuba guminsa a abu ba ya barinsa a ruwa. Adashen da muka shekara muna yi ba tare da an ci amanar kowa ba shaida ne cewa za mu iya.

Wasu za su ce gyaran benci aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ne da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, in muka ɗauka sun huta. Gaskiya ne aikinsu ne. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ɗora wa gwamnati nauyin ba kowane yaro ilimin farko kyauta. Ba za mu fasa tuna musu ba, a rubuce da kuma a wurin taro. Reshen da ya ƙirga bencinan da ya gyara da waɗanda suka gagara, makaranta bayan makaranta, ya fi ƙarfin baki a gaban hukuma a kan wanda ya je da koke kawai. Yaron da ke aji uku a bana kuwa ba zai dakata da girma ba har a kammala ba da kwangila.

Wasu za su ce za mu shiga gonar kafintoci da masu walda na garinmu, waɗanda su ma iyayen ɗalibanmu ne. Wannan abin dubawa ne. Shi ya sa muka ce su za a ɗauka su koyar, a biya su, kuma a buɗe musu ƙofar haya kamar kowa. Kafintan da ke kankare katako da hannu tun safe har azahar zai yi maraba da injin da zai gama masa a sa'a guda.

Akwai kuma magana mafi nauyi, wadda ya kamata mu faɗa wa kanmu kafin wani ya faɗa mana: kada sana'a ta biyu ta cinye ta farko. Idan rumbun nan zai sa malami ya bar aji ya tafi huda ƙofar wani, gara kada a kafa shi. Don haka a rubuta a cikin ƙa'ida cewa ba a fitar da inji a lokacin makaranta, sai bayan an tashi, da ranakun hutu. Ƙimarmu a idon iyaye ita ce jarinmu na asali, kuma da ita muke tsayawa mu nemi haƙƙinmu.

Muna koya wa yara kimiyya da fasaha a matakin farko, muna zana musu guduma da zarto a allo. Zai yi kyau a ce malamin da ke wannan zane ya san yadda ake karanta allon jikin inji, ya san abin da ke kashe shi da abin da ke raya shi, ya kuma iya hana ɗansa cire murfin giranda. Kafin reshe ya yanke shawara, ga abin da kowa zai iya yi a makon nan: wanda ke da inji a gida ya ɗauko shi ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ya duba wayarsa, ya tabbata murfinsa na nan, ya busa ƙurar da ta toshe masa ramukan shan iska, musamman da hunturu. Wanda ke shirin saye ya dakata har ya sami mai raka shi.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a cikin ajandar taro mai zuwa, muna kuma roƙon waɗanda suka taɓa saye, wanda ya dace da wanda ya ƙone, su zo su faɗi abin da suka gani ba tare da jin nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya tsare mu da 'ya'yanmu daga tsautsayi, amin.